Ƙwallon Golf Mai Araha: Abin da Kwali Bai Faɗa Ba

Makonni biyu da suka wuce, a rami na bakwai, inda kududdufi ya gitta tsakanin wurin bugu da fili, na ga wani aminina, babban ɗan kasuwa, ya zuge jaka ya ciro sabuwar ƙwallo Pro V1 fara tas. Ya jujjuya ta, ya dubi ruwa, ya mayar da ita. Sai ya lalubo wata tsohuwa da ta yi ja kamar haƙorin mai cin goro. Ya buga, tsundum. Ya sake lalubo wata tsohuwar. Yaron da ke ɗaukar masa jaka ya kawar da kai yana danne dariya. Na ce, "Alhaji, ita waccan sabuwar, magada ka ajiye wa?" Ya ce, "Malam, ka san nawa take kuwa?"

Na sani. Dozin ɗinta ya haura dala 50 a Amurka, kafin kuɗin jirgi da ribar mai shago. Ka auna da canjin yau. Masu laushin nan na araha, irin su Callaway Supersoft da Srixon Soft Feel da Wilson Duo Soft, ba su wuce rabin haka ba. Ni dai a ganina su ne ƙwallayen ɗan koyo, amma ba don dalilin da aka rubuta a jikin kwali ba.

Doka ta riga ta ƙayyade waje. Hukumomin wasan biyu, R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka, sun ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, kaurinta kuma kada ya gaza milimita 42.67. Saboda haka duk gasar kamfanoni a ciki take. Pro V1, wadda ta shigo hannun ƙwararru a watan Oktoban 2000, hawa uku ce, an lulluɓe ta da siririn ɓawo na yuretan mai ɗan danƙo. Ta araha hawa biyu ce: ƙatuwar ƙwaya ta roba mai laushi, sai ɓawo mai tauri na ayonoma, dangin Surlyn ɗin da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro tun shekarun 1960. Wato laushin a ciki yake, wajen kuwa ya fi na mai tsadar tauri. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a baibai.

Akwai lamba da ake auna yadda ƙwallo ke lotsawa idan sanda ta same ta. Na ƙwararru sukan kama daga wajen 85 zuwa 100, masu laushi kuwa daga talatin da wani abu zuwa 60. Kwali zai ce maka da yake hannunka ba shi da zafi, mai laushi za ta fi yi maka nisa. A nan nake ja da su. Gwajin da mutanen MyGolfSpy suka yi da na'urar bugu a 2019 ya nuna cewa gwargwadon laushin ƙwallo, gwargwadon raguwar gudunta idan ta bar sanda. Ƙwararre, wanda kan sandarsa ke zuwa da gudun kilomita 180 a awa ko fiye, zai ga asarar ƙarara. Mu da muke lallaɓawa a 150 ko ƙasa da haka, asarar 'yan taku ce. Ba ta ƙara maka nisan a zo a gani, ba ta kuma rage maka abin da za ka kwana kana tunani.

Abin da take yi da gaske shi ne rage juyi. Duk ɗan koyo ya san bugun nan da ke tashi tiryan-tiryan sannan ya lanƙwashe dama kamar lauje, ya sauka cikin itatuwan darbejiya. Juyi ne ke jawo haka, ƙwallo tana wulwulawa a karkace kamar katantanwa. Mai laushi ba ta juyi sosai da doguwar sanda, don haka lanƙwasar takan ɗan ragu. Na ce ɗan ragu. Wanda ya riƙe sanda ba daidai ba, ko ƙwallon auduga aka ba shi daji zai nufa.

Inda araha ke ƙin ado shi ne kusa da rami. Ɓawon yuretan yana cizon zanen da ke fuskar gajeriyar sanda, shi ya sa za ka ga a talabijin ƙwallo ta sauka, ta yi tsalle ɗaya, ta tsaya cak, wani lokaci har ta dawo baya. Ayonoma zamewa take yi. Ta sauka ta ci gaba da gangarawa. A fili irin na IBB da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1991, inda ake shayar da ciyawar bakin rami, mai iya bugu zai ga bambancin. To amma tsakani da Allah, mu nawa ne muke samun ƙwallo da tsaftar da za ta haifar da wannan juyin? Sannan a dubi ƙasarmu. Wasan ya daɗe a arewa: filin Rayfield na Jos tun 1913, na Kaduna tun 1921, kuma shekara da shekaru a kan yashin da aka cakuɗa da mai ake jefa ƙwallo rami a filaye da dama, ba ciyawa ba. Da rani fili yakan koma fako. Wanda ya iya wasa a nan gangaro da ƙwallo yake yi ta ƙasa, ba ya cilla ta sama. Kuma idan ta daki marmara ko tsakuwa, ɓawon mai tsadar ne ke fara ƙujewa, na araha ya karkaɗe ƙura ya wuce.

Shi kansa laushin da ake tinƙaho da shi, rabinsa a kunne yake. Mai tauri takan ce ƙwas, mai laushi ta ce dum, sai hannu ya gaskata abin da kunne ya ji. Ban raina wannan ba. Wanda ya taɓa bugun farko da sanyin safiyar hunturu a Jos, sanda ta zaburo masa har gwiwar hannu, ya san daɗin dum.

Babbar matsalarmu ma ba tsada ko araha ba ce, tsintuwa ce. A bakin fili akwai yara da leda cike da ƙwallayen da suka tsamo daga ruwa da ciyayi. "Yallaɓai, ga sababbi, jiya-jiyan nan suka faɗa." Ba na ƙyashin cinikinsu, ni ma ina saye. Amma tsintacciyar mage ba ta mage idan ka cika jaka da iri goma: a wannan rami mai tauri, a na gaba mai laushi, wata ta shekara a kududdufi, wata an sake mata fenti. Ta yaya hannunka zai koyi ƙarfin da zai sa? Idan tsintuwar za ka saya, ka zauna ka tsince iri ɗaya. Gara ka riƙe mai araha guda ka san halinta, da ka riƙa sauya manya kullum kana baƙo.

Tun 2019 doka ta rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti biyar zuwa uku. Mai Pro V1 yakan yi goma yana tona ciyawa da sanda, yaronsa na gefe yana tsoron maciji, na baya suna ta gyaran murya. Ranar da ka fara gama ramuka 18 da ƙwallon da ka fara da ita, kana kuma jin haushin yadda take wuce rami bayan ka buga daidai, ranar ce za ka nemi mai yuretan.

Asabar ɗin nan na miƙa wa Alhaji ƙwallaye uku masu laushi a rami na bakwai. Ta farko ta bi 'yan uwanta cikin ruwa. Ko a jikinsa. Ya ɗora ta biyu ya sake hannu, ta tsallake ta gangara har gefen fili. Yaronsa ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kam!" Ita kuwa Pro V1 tana nan a aljihun jaka, cikin kwalinta.