Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje da Yaƙi da Annoba a Karkara

Idan ba mu manta ba, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a Jihar Zamfara da maƙwabtanta a shekarar 2017, gwaji ne ya tabbatar da cewa nau'in C ne, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a baya na nau'in A ne. Wannan ya nuna mana darajar sabon ma'aikacin da ke binciken ƙwayoyin cuta.

Shi ke karɓar jini, kaki, bayan gida ko ruwan ƙashin baya, ya rubuta suna daidai, ya duba da madubin likita, ya raini ƙwayar cutar, sannan ya miƙa sakamako ga na gaba da shi. Kuskurensa kaɗan na iya jawo asarar rai.

Kafin ya zama cikakken jami'i, sai ya yi karatun digiri na shekara 5, da horon shekara 1, ya kuma samu lasisin hukumar MLSCN wadda dokar 2003 ta kafa.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su duba lasisi kafin ɗaukar ma'aikaci. Jama'a kuma mu nemi gwaji kafin shan magani.