Ga Ƙanƙara, ga Sheme, ga Sabuwa: yaushe kyamara za ta shiga layin masu abinci?

Duk mai kallon finafinan Hausa ya haddace wannan fitowar. Ƙaton falo ne, an jera kuloli a kan tebur kamar za a yi gwanjon su, ga lemon kwali, ga cokula masu yatsu. Hajiya ta buɗe kula, sai ga soyayyar shinkafa da cinyar kaza. Alhaji ya kai loma ɗaya, kafin ya kai ta biyu sai a gaya masa wai 'yar sa ta ce ba ta son ɗan abokin sa. Shi kenan, ya ture faranti ya miƙe a fusace. Tun zamanin kaset ake wannan abu, aka zo sidi, yau ga shi ana zuba shiri a YouTube, amma shinkafar nan ta na nan yadda ta ke. Wanda ya san lokeshin ya san ƙarshen ta: darakta na cewa a tsaya, 'yan bayan fage za su far mata.

To, abin tambaya, mutum nawa ne cikin masu kallo ke cin abinci a irin wannan tebur? Yawancin su abincin da su ka fi sani shi ne na bakin kasuwa. Kuma idan ana maganar abincin kasuwa, kudancin Jihar Katsina ba kanwar lasa ba ne.

Wanda ya taso daga Funtuwa ya kama hanyar Gusau, zai ratsa Mairuwa da Sheme da 'Yankara, duk a Ƙaramar Hukumar Faskari, kafin ya faɗa Tsafe ta Zamfara. A Sheme hanya ta ɓalle zuwa Ƙanƙara. Sabuwa kuwa sai an bi ta Ɗandume, can wajen iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasar noma ce ta gaske: masara, dawa, waken suya, shinkafa, rake a fadamu, ga audugar da ta sa sunan Daudawa ya fita tun zamanin Turawa. Kasuwannin yankin na mako-mako ne, manomi ne ke kawo kayan sa da kan sa, kuma inda duk aka tara manoma da 'yan awo da dillalai da 'yan dako da direbobin manyan motoci tun hantsi har la'asar, dole a samu masu ciyar da su.

Masu koko da ƙosai su ke fara buɗe fage, tun kafin a gama sauke buhuna. Kusa da su akwai mai waina, wadda aikin ta ya fara tun jiya: ta jiƙa shinkafa ko masara, ta kai niƙa, ta bar ƙullun ya kwana ya tashi. Kallon yadda ta ke juya wainar a tanda shi kaɗai fim ne. Ba ta duban hannun ta, ta na ciniki da wannan, ta na yi wa yaro tsawa, ta na ba wancan canji, amma ko ɗaya ba ta ƙonewa. Mai kuɗi ya ce a sa masa miyar taushe, marar hali ya ce ƙuli da yaji ma sun isa, kuma in za a faɗi gaskiya shi na biyun bai yi asara ba.

Idan rana ta take, sarautar ta koma hannun masu dambu. A nan ne ya kamata mai karatu ɗan birni ya natsu, domin akwai dambu akwai dambu. Na gaske tsakin masara ne da aka turara a madambaci, aka sauke aka cakuɗa da zogale ko rama da albasa da dakakkiyar gyaɗa, aka sake mayarwa ya turaru. Ya kan fito warawara, ganyen ya kusa rinjayar tsakin, ba irin wanda ake yayyafa zogale don dai a ce an sa ba. Mai sayarwa ta zuba man gyaɗa da ɗan ludayi, ta barbaɗa yaji, ɗan dako ya tsuguna ya tashi da shi, ya kora da ruwa, ya koma ƙarƙashin buhu har magariba bai sake tuna ciki ba. Haka ɗanwake, wanda sirrin sa ke cikin kuka da kanwa: in su ka yi yawa ya yi baƙi da ɗaci, in su ka gaza ya narke a tukunya. Ga rogo da ƙuli, ga kwaɗon zogale, ga garau-garau, ga masarar gashi in damina ta yi nisa, ga rake da mazarƙwaila in sanyi ya shigo. Awara ita ce baƙuwa a cikin su, don ba da ita kakanni su ka tashi ba. Noman waken suya ne ya kawo ta, amma yanzu ta zama 'yar gari, musamman a wajen 'yan makaranta.

Sai kara, wato inda ake cinikin dabbobi. Kasuwar Sheme da shanu aka san ta, kuma duk inda kara ta cika, hayaƙin tukuba ba ya nisa. Mai tsire ya kan soke naman tun da safe, ya shafe shi da garin ƙuli, ya kafa tsinkayen a kewayen wuta su gasu a hankali. Mai balangu kuma ya na gefe da wuƙar sa, ya yanka maka ɗanɗano kafin ka ce uffan, ya san in ka ci kunya ba za ta bar ka ka wuce ba. In aka yi dace mai soyayyen kifi daga madatsar ruwa ta Mairuwa ya kafa kusa da shi, to ranar an samu nishaɗi kyauta, don wasan da ke tsakanin mahauta da masunta tsoho ne, ba sai wani marubuci ya rubuta masu abin faɗa ba. (Af, ga masu ruɗewa: Sarkin Pauwan Katsina, wato Hakimin Ƙanƙara, ba shi ne Sarkin Pawa ba. Pauwa sunan gari ne, babu ruwan sa da fawa.)

A ƙarshen layi, yawanci a ƙarƙashin inuwar bishiya, nan matan Fulani ke zama da ƙoren su, an rufe da faifai, ludaya na jere. Mai saye ya zaɓi kindirmo ko tsala, ta murmushe curin fura ta dama masa. Wannan ita ce rumfar da babu wanda ke wuce ta: dillali, malami, direba, ɗan sanda, kowa ya kan zo ya tsuguna. Daga nan ita ma in ta sayar ta shiga kasuwa ta sayi gero da gishiri da kanwa da atamfa, kuɗin ya sake komawa hannun 'yan gari.

Wannan shi ne hoton da aka sani. Abin da ya faɗa masa kuwa, ba ɓoyayye ba ne.

Shekara da shekaru ƙananan hukumomin nan uku na cikin waɗanda 'yan bindiga su ka fi addaba, don su na bakin dazuzzukan da su ka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna. A Satumbar 2019 gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya je har yankunan Sabuwa da Faskari ya zauna da shugabannin 'yan bindigar don sulhu, amma abin bai ɗore ba. Ranar 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A ranar ce mutanen Amurka da Ingila su ka fara jin sunan garin, ba don kasuwar sa ko farar ƙasar da ake haƙa a can ba.

Sai kuma ƙarshen Agustan 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta kafa dokar toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kaya. Aka dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Aka hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ba a maido ba sai a Disamba. Gwamnati ta na da hujjar ta, don ba a musun cewa ana shigo da shanun sata kasuwa, kuma ana yi wa daji safarar mai da abinci. Amma a tsaya a duba yadda dokar ta sauka a layin masu abinci. Ba kara, ba dabbar da mahauci zai saya a kusa. Ba dillalai da direbobi, ba mai cin dambu da rana. Mai niƙa ya rasa man da zai zuba wa inji, mai waina ta rasa inda za ta kai ƙullu. Babu ɗaya daga cikin su da aka ambata a takardar dokar, amma kowa ta taɓa shi a tukunyar sa. Daga baya an sassauta dokokin, sai dai jarin mai ƙosai ba ya jiran wata uku. An cinye shi tun makon farko. Waɗanda su ka farfaɗo kuma su ka ci karo da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ga cire tallafin mai a Mayun shekarar, wanda ya ɗaga kuɗin niƙa da na mota da na man suya gaba ɗaya.

Wadda ta fi kowa shiga tsaka mai wuya ita ce mai fura. A daji ɓarayi sun kore shanun rugar su, don Fulani makiyaya na cikin waɗanda aka fara yi wa satar. A gari kuma ana yi mata kallon 'yar leƙen asiri, ko mai kai wa daji sayayya. Wanda ya shekara goma ya na shan furar ta, yau an sace ƙanen sa an sayar da gona an biya fansa, to da wane ido zai dube ta? Ita kuma da wace zuciya za ta ɗauko ƙwarya ta ratsa shingen 'yan sa-kai? Ba mamaki da a zaman sulhun da aka yi a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2025, har da Faskari, batun barin Fulani su shiga kasuwa ba tsangwama ya kasance cikin abubuwan da aka tattauna. Jama'a sun rabu kan sulhun, wasu na ganin an samu sararin noma, wasu na ganin an ɗaure wa ɓarawo gindi ne, kuma kowane ɓangare na da gawar da ya binne.

Yanzu a faɗa wa Allah gaskiya, wane labarin soyayyar ɗan Alhaji da 'yar talaka ne ya kai wannan nauyi? Ga mata biyu, mai dambu da mai fura, inuwa ɗaya su ke zama, bashi na shiga tsakanin su, sun ci sunan 'ya'yan juna, rana ɗaya aka wayi gari ɗan wannan ya shiga sa-kai, ƙanen waccan ya shiga daji. Furodusa ba ya buƙatar hayar gidan bene ko jibgegiyar mota. Rumfa ɗaya, tukunya biyu da 'yan wasan da su ka iya kuka ba tare da an sa masu albasa ba, sun wadatar.

A da, kasuwa da ƙauye an bar wa 'yan camama ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya sha fitowa a irin waɗannan wurare, kuma shi ya sa talaka ya riƙe shi nasa. Illar kawai ita ce an saba wa mai kallo cewa duk inda ya ga mai talla ko ɗan ƙauye, to dariya za a yi. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya zo ya nuna cewa mutane za su zauna su bi rayuwar talakawan gari mako bayan mako ba tare da an mai da su abin ba'a ba. Mai Martaba kuma, wanda aka ɗauka a Daura har Nijeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, ya nuna ana iya fita daga Kano a kafa babban lokeshin a Jihar Katsina. Kuma industiri ba baƙon wannan yanki ba ne: Ibrahim Sheme, wanda ya kafa mujallar Fim a 1999, ɗan ƙasar Faskari ne, Alhaji Mamman Shata kuma a Funtuwa ya yi zaman sa.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai ce a kwashi jarumai da kayan aiki na miliyoyi a kai su bakin daji don neman suna. Amma ba dole sai an ɗauka a can ba. Marubuci ɗaya ya isa ya je Funtuwa ko Malumfashi ko cikin Katsina, inda da yawa daga cikin matan da aka raba da ƙauyukan su ke zaune, wasu sun sake kafa kasko a bakin tasha, ya zauna ya saurare su da izinin su, ya kuma biya su lokacin su. Rumfar kasuwa ana iya gina ta a kowane ƙauyen da ake da natsuwa. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne hannu da harshe. Jarumar da ta tashi a Kano ba za ta juya waina ta na kallon wani wuri ba sai ta yi makonni a gaban tanda, kuma Katsinanci ba a koyon sa a daren da za a fara ɗauka. Mutumin Ƙanƙara na jin jimla ɗaya zai gane aro ne. Don haka duk daraktan da ya ɗauki wannan aiki, ya nemi mai dambu ta gaske ya sa ta a gefen kyamara ta riƙa gyara wa jarumar riƙon ludayi, kuma in an zo rubuta sunayen ma'aikata a ƙarshen fim, a sa nata a ciki.