Ƙwayoyin Nano Da Neman Sawun Ciwon Daji A Ɗakin Fiɗa

A shekara ta 2024 kamfanin Hologic na Amurka ya sayi wani ƙaramin kamfani na garin Kambirij a Ingila mai suna Endomag a kan kuɗi wajen dala miliyan 310. Ɗaya daga cikin manyan hajojin kamfanin shi ne wani ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ido ba ya gani. Wannan ciniki ya nuna irin muhimmancin da ake bai wa wata tambaya da ta daɗe tana damun likitocin fiɗa, watau bayan an cire tsiron ciwon daji, kaluluwa nawa ya kamata a cire tare da shi?

Kamar yadda aka sani, ban da jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi a jikin ɗan Adam waɗanda ke kwashe wani farin ruwa daga sassan jiki, su bi da shi ta cikin kaluluwar hammata da ta wuya da ta matsematsi da ta cikin ciki domin a tace shi. Ta waɗannan hanyoyi ne ciwon daji iri-iri ke fara yaɗuwa. Saboda haka a da, idan mace ta kamu da sankarar mama, likita kan kwashe kaluluwar hammatarta kusan duka. Wannan kuwa yana da mugun sakamako, domin kimanin kashi 20 cikin 100 na matan da aka yi wa haka hannunsu kan kumbura, wani lokaci har ƙarshen rai, alhali kuwa da yawa daga cikinsu cutar ba ta ma kai hammatar ba.

A shekara ta 1977 wani likita ɗan ƙasar Faragwai mai suna Ramon Cabanas ya bayyana cewa akwai kaluluwa ta farko da ruwan wurin tsiron ke fara isa gare ta, wadda ya kira mai gadi. Idan aka cire ta aka duba ba a sami cutar ba, to galibi sauran ma lafiya lau suke. A 1992 Donald Morton na Kalifoniya ya tabbatar da wannan a kan sankarar fata ta hanyar allurar shuɗin rini, sa'an nan David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994 suka kai dabarar ga sankarar mama. Ta haka aka rage kumburin hannu zuwa wajen kashi 6 cikin 100.

To, amma fa dabarar da aka fi dogara da ita tana buƙatar wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya da ake kira teknishiyam, wanda rabin ƙarfinsa ke gushewa cikin awa shida kacal. Ana samun tushensa ne daga tanderun nukiliya ƙalilan a duniya, kamar na Petten a Holan da na SAFARI-1 a Afirka ta Kudu. Lokacin da tanderun Chalk River na Kanada ya tsaya daga 2009 zuwa 2010, asibitoci a ƙasashe da dama sun shiga ƙarancinsa. Bugu da ƙari, asibitin da ba shi da sashen nukiliya da izinin hukuma ba shi da halin amfani da shi sam.

A nan ne ƙwayoyin nano suka shigo. Nanomita ɗaya shi ne abin da za a samu idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan. Sirrin aikin yana ga girman ƙwayar: idan ta cika ƙanƙanta sai ta faɗa cikin jini ta wuce, idan ta cika girma sai ta tsaya inda aka yi allurar, amma matsakaiciya takan shiga hanyar farin ruwan ta je ta maƙale a kaluluwa ta farko. Ruwan kamfanin Endomag, mai suna Magtrace, ƙwayoyinsa na ƙarfe ne masu faɗin nanomita kamar 60, kuma likita kan gano inda suka taru da wata na'ura mai jin maganaɗisu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, bayan gwaji a kan mutum 147 ya nuna ya gano kashi 94.3 cikin 100 na kaluluwar da ake nema, tsohuwar hanya kuwa kashi 93.5. A 2022 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar yin amfani da shi a asibitocin da ke da wahalar samun sinadarin nukiliya. Ana iya yin allurarsa kwanaki kafin ranar fiɗa, abin da ke sauƙaƙa tsara aikin asibiti.

Buƙatar irin wannan alama ta fi tsanani a fiɗar da ake yi ta ƙananan huji, inda likita ke zura kyamara da dogayen kayan aiki cikin ciki yana kallo ta allon talabijin. A nan ba shi da damar laluben kaluluwa da yatsunsa, sai abin da ido ya nuna masa. A ƙasar Sin likitoci sun daɗe suna amfani da ƙwayoyin gawayi masu faɗin nanomita kamar 150, waɗanda ke rina kaluluwa ta yi baƙi, a fiɗar tumbi da babban hanji da maƙoshi. A Amurka kuma, Ulrich Wiesner na Jami'ar Cornell da Michelle Bradbury ta asibitin Memorial Sloan Kettering sun fito da wasu ƙwayoyi da ba su kai nanomita 10 ba, masu ƙyalli a ƙarƙashin kyamara ta musamman, waɗanda ƙoda ke iya fitarwa ta fitsari. An buga sakamakon gwajinsu na farko a jikin mutane a 2014.

Duk da haka, bai kamata a yi gaggawar yanke hukunci ba. Ruwan ƙarfe kan bar tabo mai duhu a fatar wasu mata na tsawon watanni, yana kuma ɓata hoton na'urar MRI a wurin da aka yi allurar, sa'an nan dole a janye kayan aikin ƙarfe daga wurin yayin da ake aunawa. Har ila yau akwai darasi a tarihin Combidex, wasu ƙwayoyin ƙarfe da suka ba da sakamako mai ban sha'awa a kan sankarar mafitsarar maza a 2003, amma hukumar Amurka ba ta ba su izinin shiga kasuwa ba da ta duba shaidar a 2005. Akwai kuma abokin takara wanda ba na nano ba, watau wani koren rini mai araha da ake kira ICG, wanda ya riga ya samu gindin zama a fiɗar mahaifa da ta tumbi. Abu mafi muhimmanci shi ne, yawancin waɗannan ƙwayoyi suna nuna inda kaluluwa take ne kawai. Sanin ko cutar ta shiga cikinta ya rataya ne a wuyan likitan da ke duba nama da madubin ƙara girma.

Dangane da ƙasashe irin Nijeriya, inda sassan nukiliya ba su da yawa a asibitoci, hanyar da ba ta buƙatar tanderu abin maraba ce. Sai dai dabarar kaluluwa mai gadi tana amfani ne ga wadda ta zo asibiti da wuri, kafin hammata ta kumbura, alhali kuwa mafi yawan masu sankarar mama a ƙasar nan sai cutar ta yi nisa suke zuwa. Saboda haka hukumar da ke son jama'arta su amfana da wannan ci gaba, wajibi ne ta fara da wayar da kan mata su riƙa zuwa a duba su da wuri, ta horar da likitocin duba nama, ta kuma rage wa talaka nauyin kuɗin magani. Idan an yi wannan, sayen ruwan allura da na'urarsa zai zama mataki mai ma'ana. Idan ba a yi ba, na'urar za ta zauna a ɗakin fiɗa tana jiran majinyatan da ba su iso a kan kari ba.