Ƙwayar da ke sa sojojin jiki barci

Akwai abin da ke yaɗuwa a tsakaninmu wanda muke ganin shiru a kansa ba alheri ba ne: shan ƙwayar deksametason ba tare da likita ya rubuta ba. Wani yana karɓarta a kemis cikin haɗin ciwon jiki bayan wunin aiki, wata kuma don ta yi ƙiba kafin biki.

Ga abin da take yi. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin kotisol, musamman idan mutum ya shiga damuwa ko firgici. Ƙwayoyin garkuwar jiki, wato sojojin da ke yaƙar cuta, suna da wani kwaɗo a cikinsu, kotisol kuwa shi ne makullinsa. Da zarar ya buɗe, sai umarni ya isa cibiyar ƙwayar cewa a sassauta: a rage kumburi, a daina kiran ƙarin sojoji. Na ɗan lokaci wannan rahama ce, don yana hana jiki yaƙar kansa.

Deksametason wannan kwaɗon take buɗewa, sai dai ƙarfinta ya ninka na kotisol kusan sau 25. Shi ya sa ciwo ke lafawa nan take. A hannun likita tana ceton rai. A 2020 binciken Jami'ar Oksfod ta Ingila ya nuna ta rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda garkuwar jikinsu ce ta wuce gona da iri.

Amma wanda ya mayar da ita abin sha kullum, sojojinsa yake sa wa barci. Tarin tibi da ya kwanta yana iya tashi, miki ya ƙi warkewa, suga da hawan jini su hau. Ƙibar ma ta bogi ce: kumburin fuska ne da kitsen ciki.

Don haka muna kira ga masu kemis a cikinmu su daina bayar da ita ba takardar likita. Idan an ba ka haɗi, tambayi abin da ke ciki. Wanda kuma ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya rage yin nasa kotisol ɗin, yankewar tana iya kayar da shi. Ya je asibiti a rage masa a hankali.

Allah ya ƙara mana lafiya.

Sakatare