Mu Kafa Waƙafi Domin Ɗan Uwa Ya Samu Jari Ba Tare Da Kuɗin Ruwa Ba



Duk inda Hausawa suke zaune a Kudu, daga Agege da Idi-Araba zuwa Sabo ta Ibadan da Ama Hausa ta Owerri, an san mu da karo-karo. In an yi rasuwa a tara kuɗin likkafani, in wani ya kwanta asibiti a shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci bayan Juma'a, in azumi ya zo a raba shinkafa da sukari. Wannan alheri ne, Allah Ya saka wa masu yi. Sai dai kuɗin da aka tara da hantsi kafin la'asar ya ƙare, kuma wanda aka taimaka wa bana shi ne zai dawo baɗi da buƙata iri ɗaya.

Halin da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci a Najeriya. A watan Yuni na shekarar gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, matasanmu da yawa suka wayi gari ba sana'a. Kafin nan, rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ya cinye shaguna da dukiya. Aka zo aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, jarin mai kayan gwari da mai shayi ya karye. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne. Sun iya nema, jari ne babu, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ina ɗan uwa zai samu jarin? Babban banki zai nemi jingina da takardun da ba shi da su. Ƙananan bankunan bada rance suna bayarwa, amma da kuɗin ruwa mai nauyi, ga biya duk mako. Manhajojin bashi na waya kuwa, in ka yi jinkiri sai su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka wurin surukai da abokai. Mai tsoron Allah yakan haƙura ya zauna haka, wanda ya matsu kuma ya faɗa abin da addini ya hana.

Ya kamata mu gane dalilin tsadar ƙaramin bashi. Bai wa mutum ɗari naira dubu hamsin-hamsin ya fi wahala a kan bai wa mutum ɗaya miliyan biyar, domin sai an biya ma'aikacin da zai bi su, da hayar ofis, da asarar wanda ya kasa biya. Wannan ɗawainiya ce banki ke ɗora wa talaka. In aka samu wata hanya da za ta ɗauke ta, sai bashin ya zama babu ruwa. Hanyar ita ce waƙafi, wanda iyayenmu ke kira hubusi.

Waƙafi shi ne ka tsayar da dukiya saboda Allah, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da abin da take fitarwa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, an halatta waƙafin tsabar kuɗi domin a riƙa rantawa ana mayarwa, an kuma halatta waƙafi na ɗan lokaci. Ke nan mai shago uku zai iya ba da hayar ɗaya na shekara biyar, bayan nan shagonsa ya koma hannunsa. Ba sai attajiri kaɗai ba.

Wasu sun riga sun gwada an gani. A Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa Akhuwat a 2001, ya fara da ranta wa wata mata da mijinta ya rasu rupi 10,000. A masallatai suke miƙa rancen a gaban jama'a, ba ruwa, yau kuma tana cikin manyan masu bada irin wannan rance a duniya. A nan kusa da mu, 'yan uwanmu Musulmi Yarabawa sun kafa Al-Hayat a Ijebu-Ode tun 1997, mambobi na tara kuɗi suna ranta wa juna ba ruwa. A Arewa, Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu. Mu da ke Kudu babu gwamnatin jihar da za ta kafa mana irin wannan hukuma. In ba mu yi da kanmu ba, ba mai yi mana.

Ga shawarar da muke kawowa. A buɗe asusu biyu. Na farko na waƙafi, wanda za a tara har a sayi shago ko ɗakunan haya. Na biyu na rance. Misali, in mutum 500 suka riƙa ba da naira 1,000 duk wata, a shekara an tara miliyan 6. Rabi ya tafi sayen kadara, rabi kuma zai bai wa mutum 60 jarin dubu 50, suna biya ana ba wasu. Kuɗin haya shi zai biya alawus ɗin mai rubutu da mai karɓa, ya cike gurbin wanda gobara ko rashin lafiya ta hana shi biya. Zakka kuma a ware ta daban, domin ita haƙƙin mabuƙaci ce da ake mallaka masa, sai ta tafi ga tsoho da maraya da wanda ba ya iya sana'a. A kuma sa mata a gaba, masu ƙosai da awara da ɗinki a cikin gida, musamman masu riƙon marayu.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Na farko: mutanenmu in suka ji kuɗin Allah ne ba za su biya ba. Maganinsa a bayar rukuni-rukuni, mutum biyar 'yan sana'a ɗaya su tsaya wa juna, shugaban sana'arsu ya sa hannu, a miƙa a gaban liman. Wanda ke zubin adashi shekara da shekaru bai taɓa fashi ba, ya san kunyar idon jama'a. Inda ake shakka, a saya wa mutum keken ɗinkin ko buhun kayan maimakon a damƙa masa kuɗi.

Na biyu: darajar naira na zubewa, dubu hamsin ta bana ba ita ce ta baɗi ba. Gaskiya ne, shi ya sa rance kaɗai ba zai ɗore ba sai da kadara a bayansa, domin haya na tashi tare da kasuwa.

Na uku, wanda ya fi kowanne: amana. Kowa ya taɓa jin labarin filin da bawan Allah ya bayar da baki, bayan rasuwarsa magada suka sayar. Don haka babu waƙafi sai da takarda. A yi wa amintattu rajista da hukumar CAC, kadara ta kasance da sunansu a ƙungiyance, ba da sunan shugaba ko sakatare ba. Kada a sayi fili sai lauya ya binciki takardunsa. A ajiye kuɗi a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, tunda yanzu akwai Jaiz da TAJ da Lotus, kuma sai mutum uku sun sa hannu a cire ko kwabo. Duk wata uku a karanta lissafi a fili, a manna shi a bangon masallaci.

Muna roƙon sarakunan Hausawa su ba da albarkarsu, limamai su ware huɗuba guda a kan waƙafi, manyan 'yan kasuwarmu na Mile 12 da kara su fara buɗe hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada mu jira wata gobarar ko wata dokar kafin mu motsa. Mai shawara ko gyara ya kawo wa kwamiti kafin taro na gaba.

Allah Ya yalwata mana arziki na halal, Ya sa abin da za mu kafa ya zama sadaka mai gudana gare mu da iyayenmu. Amin.

Sakataren ƙungiya