Farautar Alamun Safiyo

Yara, neman alamun safiyo ya fi harbin tsuntsaye amfani. Ma'aikatan safiyo sukan kafa ƙarfe cikin siminti ko bisa dutse, su auna yadda wurin ya ɗara teku tudu. Da irin wannan awo aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929.

Ciyawa takan rufe alama, garma takan tumɓuke ta. In ta ɓace, sai an sake awo da kuɗi mai yawa.

Saboda haka da rani, bayan cirar auduga, ku fita nema tare da malaminku. In kun samu, ku share wurin, ku gaya wa dagaci. Kada ku haƙa, babu dukiya a ƙarƙashinta.