GEMU BA YA HANA KOYON KEKE

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu da iyayenmu na ikilisiya, ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba mu a mujallar makaranta in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa za su ɗauka wasa ne, wato babban mutum ya koyi hawan keke. A ganina, magidanci ko uwa ko yaya da ba su sami damar koyon keke tun suna yara ba, bai kamata su ji kunyar koya yanzu ba. Mu kuma da muka iya, wajibi ne mu daina yi musu dariya, mu tsaya mu koya musu. Zan kawo dalilaina, kuma zan ɗauki misali daga Kasuwar Singa, domin da wuya a sami gida a Kano da ba ya amfani da abin da ya fito daga cikinta.

Kasuwar Singa tana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma ta samo sunanta daga kamfanin Singer mai yin keken ɗinki. A nan ake sarin sukari, fulawa, shinkafa, taliya, madara, man girki, sabulu, biskit da sauran kayan masarufi. Manyan 'yan kasuwa suna zuwa daga jihohin Arewa, har ma daga Nijar, su cika tirela su tafi. Amma ba su kaɗai ke shiga Singa ba. Akwai mai tebur a bakin lungu, da mai ɗan shago a zaure, da gwauruwar da ke sayar da omo da magi a ƙofar gida don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Waɗannan katan ɗaya ko biyu suke iya saya. Ribar katan ɗaya kuwa ba ta da yawa, kuma daga cikinta ake cire kuɗin mota na zuwa da na dawowa. Tun da jarin ƙarami ne, kaya ba sa daɗewa suke ƙarewa, sai a sake komawa, a sake biyan kuɗin mota. Da yawa daga cikin iyayen da ke biya mana kuɗin makaranta suna cikin wannan rukuni.

Mu duba yadda sufuri ya canja a Kano. A shekarar 2005 aka fara ganin A Daidaita Sahu a kan titunanmu. A watan Janairu na 2013 gwamnatin jiha ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Sannan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin wannan rana litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Duk sa'ad da mai ya hau, kuɗin mota yakan hau, kuma talaka ne ke biya. Keke kuwa ba ya shan mai. Abin da yake bukata shi ne iska a taya, ɗan baƙin mai a sarƙa, da faci lokaci-lokaci. Allah kuma ya yi wa Kano baiwar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. In ka cire Dala da Goron Dutse, babu wani hawa da zai sa mai keke ya sauka ya tura. Daga Fagge, ko Sabon Gari, ko Gwagwarwa zuwa Singa, tafiya ce da keke zai yi ba tare da wahala ba.

Keke ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamfanin Raleigh na Ingila ya taɓa samun masana'antar haɗa kekuna a nan Kano, kuma akwai lokacin da sabon Rali yake abin alfahari ga malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati. Dattawan ikilisiya za su ba mu labarin masu bishara da suka shiga ƙauyuka a kan keke, da Littafi Mai Tsarki ɗaure a kariya, suna ratsa yashi da rafi don su kai Maganar Allah inda mota ba ta zuwa. To, abin da ya ɗauki bishara zuwa ƙauyukanmu, yaya zai zama abin kunya don ya ɗauki katan ɗin taliya?

Wani zai tambaya, shin akwai babban da bai iya keke ba? Akwai su da yawa, sai dai ba sa faɗa. Wani ya tashi a gidan da ba a da keke, kuma ba shi da kuɗin haya kamar sauran yara. Wata an hana ta tun tana ƙarama, aka ce keke na maza ne. Wani ya faɗi sau ɗaya yana yaro, ya ji ciwo, tsoro ya shige shi har yau. Babu laifin kowa a cikinsu. Dama ce ba su samu ba, kamar yadda waɗansu iyayenmu ba su sami damar karatu ba, sai daga baya suka shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ba wanda ya ce sun yi abin kunya.

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne yaro ya fi saurin koyo, domin ba ya tsoron faɗuwa, kuma in ya faɗi ƙasa ba ta yi masa nisa. Amma Bahaushen da ya yi wancan karin magana shi ne kuma ya ce gemu ba ya hana ilimi. Shahararren marubucin ƙasar Rasha, Leo Tolstoy, ya koyi hawan keke a 1895, yana da shekara kusan 67. A Littafi Mai Tsarki mun karanta cewa Musa yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna, Ibrahim kuma yana da 75 sa'ad da ya bar Haran. In Allah yana fara sabon aiki da masu furfura, mu su wane ne da za mu ce wa ɗan shekara arba'in lokacinsa ya wuce?

Babba yana da abin da yaro ba shi da shi, wato yana iya fahimtar dalilin abu. Me ya sa keke ba ya faɗuwa in yana tafiya? Sa'ad da ya fara karkata dama, mai hawa yakan ɗan juya kansa dama, sai tayoyin su koma ƙarƙashin nauyinsa, ya miƙe. In ya karkata hagu, haka nan. Wannan gyara yana faruwa a kai a kai ba tare da mutum ya lura ba, kuma ya fi sauƙi in keken yana da ɗan gudu. Shi ya sa mai koyo da ke tafiya a hankali ƙwarai saboda tsoro ya fi saurin faɗuwa. Abin da jiki ke koya ke nan, kuma jikin babba yana iya koyonsa.

Akwai kuma hanyar koyo da ke rage faɗuwa. Na farko, a sami keken da ya yi daidai da tsawon mutum, zai fi kyau irin wanda ba shi da ƙarfen tsakiya, a sauke sirdin har tafin ƙafa biyu su taka ƙasa sosai. Na biyu, a kai wa mai gyaran keke ya cire feda biyun. Na uku, kafin a hau, a tura keken da ƙafa ana gwada birki, a saba da matse biyun tare a hankali, domin wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai da ƙarfi yana iya wuntsilawa. Na huɗu, a zauna a kan sirdi a riƙa tafiya da ƙafa, daga nan a riƙa tunkuɗawa ana ɗaga ƙafa, ido yana kallon gaba can nesa, ba taya ba. In mutum ya ji zai faɗi, ƙafarsa tana kusa da ƙasa. Sai ya iya tafiya mai ɗan nisa ƙafa a sama, kuma ya iya juyawa dama da hagu, sannan a mayar da feda. Mai koyarwa kada ya riƙe kan keken, domin ta nan ne mai koyo ke neman daidaito. Ya riƙe bayan sirdi ko kafaɗa. A kuma tattare babbar riga ko zane ko bakin wando, kada sarƙa ta kama. Sannu ba ta hana zuwa.

Hujja ta biyu ita ce kunya, kuma a ganina ita ce babbar matsalar. Magidanci yana tunanin yadda yaran unguwa za su bi shi da ihu in ya faɗi, sai ya gwammace ya ci gaba da biyan kuɗin da ba shi da shi. Mu tuna da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, a Littafin Sarakuna na Biyu sura 5. Annabi Elisha ya aika masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, ya husata domin yana ganin abin ya yi masa ƙanƙanta. Saura kaɗan ya koma gida da kuturtarsa, sai da barorinsa suka lallashe shi. Girman kai rawanin tsiya ne. Amma a nan laifin ya fi yawa a wuyanmu mu matasa, domin dariyarmu ce ke ciyar da kunyar manya. A 2001, Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi kira ga 'yan Nijeriya su koma ga keke, shi kansa ya hau zuwa wurin aiki a Abuja. Da mota ta ture shi, sai abin ya zama abin barkwanci a ƙasa. Bayan shekara 22, tsadar mai ta sa mutane da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Tun 2018 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin Ranar Keke ta Duniya.

Hujja ta uku ita ce hatsari, kuma wannan hujja tana da ƙarfi. Duk wanda ya san kewayen Singa ya san cunkoson tirela, A Daidaita Sahu, 'yan baro da 'yan dako, kowa yana sauri. Titunanmu ba su da layin da aka keɓe wa masu keke. Saboda haka ba na goyon bayan wanda ya koya jiya ya shiga titin Murtala Mohammed ko titin Bello yau. Ya fara da fili, ya koma lungunan unguwa da sassafe, sannan ya gwada titi tare da wanda ya ƙware. Ya bi hannun dama, kada ya yi gaba da gaba da motoci. Kada ya kutsa gefen tirela, domin direba ba ya ganinsa daga sama. Ya miƙa hannu kafin ya juya, ya sa hular kwano, ya sa fitila in duhu ya yi. In ya iso bakin kasuwa, ya sauka ya tura, babu wanda zai ci shi tara. Kaya kuma sai ya ƙware zai fara ɗauka, ya fara da katan ɗaya, ya ɗaure shi tamau da roba a tsakiyar kariya. Buhun sukari mai kilo 50 ba na sabon shiga ba ne. Haka kuma duk wanda ke da ciwon jiri, ko matsalar ido, ko tsufa ya raunana ƙasusuwansa, ya fara neman shawarar likita.

Saura batun iyayenmu mata da yayyenmu. Na sani a Kano ba a saba ganin babbar mace a kan keke ba, kuma ban ce kowace mace ta fito titi gobe ba tare da shawara da mutanen gidanta ba. Amma mu sani wannan al'ada ce ta wuri. A ƙauyukan ƙasar Ibo mata suna kai kaya kasuwa a kan keke, haka ma a Wagadugu ta Burkina Faso, kuma ba wanda ke cewa mutuncinsu ya zube. Ko da mace ba za ta je Singa da shi ba, iyawa tana da amfani. Ma'aikaciyar jinya ko matar mai bishara da aka tura ƙauye za ta gode wa Allah in ta iya, ranar da yaro ya kamu da zazzaɓi cikin dare, asibiti kuma yana da nisa.

Don haka ina roƙon shugaban makaranta da hukumar gudanarwa su duba yiwuwar buɗe filin ƙwallonmu a safiyar Asabar, ko da na awa biyu ne, domin manyan da ke so su koya. Fili ne mai katanga, babu mota, babu 'yan kallo. Ɗaliban da ke da keke su ba da aro, manyan ɗalibai su zama masu koyarwa a ƙarƙashin kulawar malamin wasanni. Zumuntar Mata za ta iya zaɓar tata ranar, 'yan mata su koya wa iyaye mata. Doka guda za a kafa: duk ɗalibin da ya yi wa mai koyo dariya, ya bar filin. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai haƙuri da ladabi.

'Yan'uwa ɗalibai, waɗannan mutane su ne suka riƙe hannunmu sa'ad da muke koyon tafiya, muka faɗi ba adadi, ba su gaji ba. An umarce mu mu girmama iyayenmu, kuma girmamawa ta wuce durƙusawa a gaishe su da safe. In riƙe bayan sirdi na 'yan kwanaki zai sa Baba ko Mama su riƙa ajiye kuɗin motar da suke kashewa a hanyar Singa, to mun yi wa gida hidima, mun kuma rage musu nauyin kuɗin makarantarmu. Ku kuma iyayenmu, kada ku raina wannan shawara don ta fito daga bakin yaro. Ku zo ku gwada.

Allah ya ba mu zuciyar koyo da ta koyarwa, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.